Ƙwayoyin tushe suna mutuwa a tsakiyar dashen ƙashi, ina mafita?

Masana, ga matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. An ɗebo ƙwayoyin tushe (ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗewa su zama na ƙashi) daga ɓargo, an shuka su a soson hydroxyapatite (ma'adinin da ke cikin ƙashi) mai kaurin milimita 5 don cike giɓin ƙashi. Ruwan da ake renon su a ciki yana ɗauke da sinadaran da ke sa su zama ƙwayoyin ƙashi: dexamethasone nanomola 100, beta-glycerophosphate milimola 10 da bitamin C. A kwana na 21 rinin Alizarin, mai nuna inda sinadarin calcium ya taru, ya kama gefe jawur, amma da aka tsaga soson, tsakiya fari fat, ƙwayoyin sun mace.

Zargina oksijin ne, tunda da ƙyar yake ratsa nama fiye da maikromita 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) in babu jijiyar jini. A rage kaurin ne, a faɗaɗa ramukan, ko dole sai injin da ke tura ruwa ta ciki?