Tafiya tsibirin Sent Helena: me mutum zai gani can?

Malamin Tarihi, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, kuma na daɗe ina sha'awar ziyartar tsibirin Sent Helena, inda Ingila ta tsare Napoliyon, tsohon sarkin Faransa, daga 1815 har mutuwarsa a 1821. Ta yaya ake isa can, kuma me mutum zai gani baya ga gidan da aka tsare shi?

Baban Hauwa, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Tsibirin yana kudancin Tekun Atlantika, kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Angola, mutanensa kuma ba su kai 5,000 ba. Kafin 2017 sai dai jirgin ruwa, kwana biyar daga Cape Town, amma yanzu jirgin sama yana tashi daga Johannesburg, galibi sau ɗaya a mako. Ka nemi bizar Afirka ta Kudu tun da wuri, ka kuma ware kwanaki da kuɗi na ko-ta-kwana, domin iska mai ƙarfi takan hana jirgi sauka.

Hajiya Mai Lambu, Kaltungo:
Malam, kada ka tafi da zaton giwaye irin na Yankari. Akwai kunkuru mai suna Jonathan a harabar gidan gwamna, wanda aka kawo daga tsibiran Seshel a 1882 yana babba, ana kuma ƙiyasin an haife shi wajajen 1832. Daga Disamba zuwa Maris manyan kifayen shak masu ɗigo-ɗigo, waɗanda ba sa cutar da mutum, sukan taru kusa da gaɓa.

Dattijo, Bauchi:
Ni a ganina, Malam, Napoliyon ya cinye labarin tsibirin fiye da kima. Daga 1840 sojojin ruwan Ingila sun riƙa kai 'yan Afirkan da suka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi can, dubbai kuma suka mutu saboda cuta da wahalar teku, aka binne su a kwarin Rupert. A 2008, ana shirin gina filin jirgi, aka tono ƙasusuwan mutum 325, waɗanda ba a sake binne su ba sai a 2022. Wannan tsibirin ne kuma aka kai Sarkin Zulu Dinuzulu zaman dole a 1890, kamar yadda Turawa suka kai Sarkin Kano Alu garin Lakwaja. Tun da ɗalibai za ka kawo wa labari, ka fara da kwarin Rupert kafin gidan Napoliyon.