Kudurorin harajin nan: tunda gwamnoni sun amince shikenan magana ta ƙare? (Tattaunawa ce ta farkon 2025, kafin kudurorin su zama doka)

Ɗan Singa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman wanda zai warware min wani abu da ya ɗaure min kai game da kudurorin harajin nan guda huɗu da Tinubu ya aika majalisa tun farkon Oktoban 2024. Ni dai ɗan shago gareni na kayan masarufi a kasuwar Singa, kuma tun ranar da gwamnonin Arewa suka zauna da sarakuna a Kaduna ƙarshen Oktoba suka ce basu yarda ba muka ɗauki abin da zafi, a layinmu kullum zancen kenan daga an buɗe shago har la'asar, har limaminmu sai da ya yi huɗuba a kai. Na saurari Gwamna Zulum na Borno da kunnena a BBC Hausa yana cewa in aka yi dokar nan a yadda take jihohi ko albashi ba za su iya biya ba, kuma wai gaggawar me ake yi alhali dokar man fetur ta kusa shekara 20 a majalisa. Sanata Ndume ma haka ya yi ta faɗa. To kwatsam ranar 16 ga Janairun 2025 sai ga sanarwa wai gwamnoni sun zauna a Abuja da kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran haraji sun daidaita, daga nan shiru kake ji kamar an yi ruwa an ɗauke. Abinda nake so in sani shine me aka canza? An cire abinda zai taɓa mu ne, ko dai kason da zai shiga asusunsu aka gyara kawai? Sannan maganar harajin gado da aka yi ta yawo da ita a WhatsApp gaskiya ce ko a'a, domin mu ma muna da gidan mahaifinmu da ba a raba ba har yanzu.

Akanta daga Zariya:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da asalin inda rigimar ta taso, wato rabon VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya in an saya, domin shi ne ya tada gwamnoni. A yanzu VAT kashi 7.5 ne, tun Fabrairun 2020 da aka ɗaga shi daga 5. A tsarin da ake bi zuwa 2025, in an tara, tarayya tana ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Shi kuma kason jihohin ana raba rabinsa daidai wa daida tsakanin kowa, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 kuma bisa inda aka tara kuɗin. Kudurin ya zo ya ce tarayya ta koma 10 jihohi su hau 55, wannan babu wanda ya yi ƙorafi a kai, amma ya ce wancan kashi 20 na inda aka tara a mayar da shi 60. Nan ne aka yi tsalle aka dire.

Dalili kuwa a yadda ake lissafi zuwa 2025, inda hedikwatar kamfani take nan ake rubuta wa kuɗin. Kai da ke Singa in ka sayi kati ko data, VAT ɗin daga aljihunka ya fita a Kano amma tunda kamfanin daga Legas yake biya sai a rubuta wa Legas, haka bankuna haka manyan masana'antu. To da aka ji 60 sai kowa ya ɗauka Legas za ta kwashe komai. Shi kuma Taiwo Oyedele mai jagorantar kwamitin cewa yake a'a, sabon tsarin inda aka yi amfani da kayan zai bi, ba inda hedikwata take ba, har ma yana cewa Legas ce za ta fi kowa asara. Ni na karanta wurin kuma gaskiya na ga niyyar hakan, sai dai kalmar da suka yi amfani da ita basu fayyace ta yadda zai hana a yi mata wata fassara gobe ba, kuma doka abinda aka rubuta ake bi ba abinda mutum ya faɗa a talabijin ba.

Abinda gwamnoni suka cimma a Janairu: 50 raba daidai, 30 inda aka tara, 20 yawan jama'a. Sannan suka ce kar a ƙara VAT a yanzu, wanda wannan shi ya fi shafarka kai tsaye domin kudurin ya tsara ya hau 10 a 2025, ya kai 12.5 daga 2026, ya tsaya a 15 a 2030. Amma ka riƙe wannan, sanarwar gwamnoni ba doka bace, shawara ce. Majalisar dattawa ta yi wa kudurorin karatu na biyu tun 28 ga Nuwamba ta miƙa wa kwamitin kuɗi na Sanata Sani Musa, ta wakilai kuma ta ɗage muhawara tun Disamba. Sai abinda suka rubuta suka kaɗa ƙuri'a a kai shi ne zai tabbata.

Baban Amira Funtuwa:

Malam Akanta na gode da bayani amma ni har yanzu raina bai kwanta ba, kuma zan gaya maka dalili. Ni manomi ne ina kuma sayen hatsi. Duk ranar kasuwar Dandume ka zo ka ga tireloli nawa ake lodawa masara da waken suya ana yin kudu da su, to duk wannan babu VAT a kansa saboda abinci ne, kuma haka ya kamata, bana so a sa masa. Amma ka ga kenan abinda muka fi ƙarfi a kai baya shiga lissafi, masarar tana isa can a mayar da ita abincin kaji ko a sarrafa ta a kwali, ribar sarrafawar da harajin kamfanin duk a can suke zama. Kenan duk tsarin da zai ƙara nauyin "inda aka tara" ko 60 ne ko 30 ne mu baya yake mayar da mu.

Na biyu maganar inda aka yi amfani da kaya, waye zai bi diddigi? Alhaji mai tambaya shaida ne, katan ɗin taliya da sabulu da ake saukewa a Singa rabi ba a Kano ake amfani da shi ba, ɗan Gumel ya zo ya ɗiba, ɗan Daura ya ɗiba, ɗan Gashuwa ya ɗiba, wani ma har Maraɗi, kuma yawanci ko rasit ba a rubutawa. A takardar kamfani dila na Kano aka sayar wa, to Jigawa da Yobe me za a rubuta musu? Sannan abinda ban ji kowa yana faɗa ba, kason yawan jama'a fa daga 30 ya sauko 20, kuma mu Katsina da Kano da Kaduna jama'ar ita ce ƙarfinmu. An ce mana an yi nasara, ni ina ganin rage asara aka yi.

Mazaunin Fatakwal:

Baban Amira ka yi haƙuri in sa baki, shekarata 14 a nan ina sana'ar gwari. Ku sani su ma nan suna da nasu ƙorafin kuma ba yau suka fara ba, tun 2021 lokacin Wike yana gwamna babbar kotun tarayya ta nan Fatakwal ta yanke cewa jiha ce ke da ikon karɓar VAT, Legas ma ta bi sahu ta yi tata dokar. Kullum a kasuwa abinda ake jefa mana shine kuna fasa kwalaben giya a Kano amma kuna karɓar kason harajinta. In aka ƙi duk wani gyara kuma kotun ƙoli ta zo ta ce kowa ya karɓi nasa, wallahi abinda zai same mu ya fi 30 ɗin nan muni. Ni ina ganin gara a karɓi wannan.

Malama a kwaleji:

Ni abinda ke min ciwo shine wata uku muka yi muna faɗa a kan kason gwamnoni, abubuwan da suka shafi ɗakunanmu kuma ƙalilan ne suka duba. Ina koyarwa a wata kwalejin ilimi, kuma in ka shigo makarantarmu duk ginin da ka ga yana da rufi mai kyau da kujeru, duba jikin bangon zaka ga TETFund a rubuce, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ɗakin gwaje-gwajenmu, laburare, har karatun digiri na biyu da na yi su suka ɗauki nauyi. Wannan asusu gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ce ta haifar da shi tun 1993. Kudurin kuwa ya tsara a riƙa rage masa kaso har zuwa 2030 ya zama ba shi da ko sisi, kuɗin duk su koma asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, haka ma za a yanke wa hukumomin fasaha NITDA da NASENI nasu kason. Yaro ya ci bashi ya biya kuɗin makaranta ya zo ya tarar babu ajin zama, ina amfanin? Gwamnoni sun ce a cire wannan wa'adin, na ji daɗi, amma sai na gani a rubuce.

Kuma don adalci akwai abu mai kyau a ciki da aka ƙi faɗa wa mutane, duk wanda abinda yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba an ɗauke masa harajin albashi, masinjojinmu da masu shara wannan ba ƙaramin sauƙi bane gare su.

Alhaji game da gado, babu wani sashe da ya ce in mutum ya rasu gwamnati za ta ɗauki wani abu daga dukiyarsa. Wurin da ya jawo maganar yana batu ne a kan kuɗin shiga na iyali wanda ba a tantance kason kowa ba, misali gidan mahaifinku in akwai 'yan haya a ciki, kuɗin hayar. Kwamitin ya ce dama wannan yana cikin tsohuwar dokar harajin mutane. Duk da haka ni ina tare da malaman da suka ce a rubuta ɓaro-ɓaro cewa dukiyar magada kafin a raba ba a taɓa ta, domin akwai marayu a ciki, kuma sanarwar gwamnoni bata taɓo wannan ba ko kaɗan.

Ɗan Singa:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Malama kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi domin gidan namu shaguna uku ne a jikinsa kuma da hayar ake riƙe ƙannenmu mata biyu da mahaifiyarmu. Baban Amira maganarka gaskiya ce, ko jiya mutumin Hadeja ya loda katan 40 a wurina ban rubuta masa komai ba sai a littafin bashi. To yanzu Malam Akanta mu da ba gwamnoni ba ta ina za mu shigar da maganarmu?

Akanta daga Zariya:

Alhaji ƙofar bata rufe ba, zuwa farkon 2025 ɗin nan ba a yi zaman jin ra'ayin jama'a a majalisa ba, kuma a nan ne ƙungiyoyi ke miƙa takarda a rubuce kwamiti ya karɓa. Ku sa shugabannin kasuwarku su rubuta shafi biyu kawai, kar a ƙara VAT, a fayyace cewa inda kaya suka ƙare ake nufi da yadda za a gane hakan, a tsame dukiyar magada. Ku kai kwafi ofishin ɗan majalisar tarayyarku da na sanatanku a sa muku hatimin an karɓa. In kun shirya ka turo min ta inbox in duba muku lambobin sassan kafin ku buga, ina da kwafin kudurin a waya.