Mura ta warke amma kunnena bai dawo daidai ba, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura, shekarata 46. Mako uku da suka wuce na yi wata muguwar mura, zazzaɓi da tari har muryata ta dishe. Alhamdulillahi na miƙe, amma kunnena na hagu kamar an cusa auduga. Abin da ya fi damuna, ina jin ƙarar magana amma ba na tsintar kalmomin. In mu biyu ne a ɗaki, lafiya lau. Da na shiga shago kekuna na gudu, ko majalisa bayan magariba, sai ka ga ina ta gyaɗa kai kawai. Jiya wani ya ce a yi masa aljihu shida na ji bakwai. Uwargida kuma ta ce share ta nake yi. Me zan yi?

Maman Khalifa: Allah Ya ba da lafiya Malam. Ɗumama man zaitun da tafarnuwa ka ɗiga dare uku, datti ne ya toshe.

Abbas Daura: Hajiya ki yi haƙuri, kada ya ɗiga komai sai an leƙa. In dodon kunnen ya huje, man sai ya ƙara ɓata lamarin. Ni ma'aikacin jinya ne. Akwai 'yar siririyar hanya daga bayan hanci zuwa tsakiyar kunne, ita ke kai iska. Mura kan kumbura ta, ruwa ya taru bayan dodon kunne, ji ya dushe. Wannan yakan washe da kansa cikin makonni, wani lokaci har wata uku, kuma mai ba ya ma isa wurin. Wanda muke tsoro shi ne in jijiyar ji ta taɓu, kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana uku, da ƙugi ko jiri. Shi kam ba a jira, ƙwayar sitiroyid da likita ke bayarwa ta fi aiki a mako biyun farko. Malam, rufe baki ka yi gunji, mmmm. A wane kunne ka fi jinsa?

Mai tambaya: A na hagun, wanda ya toshe. Har kamar a cikin kaina yake.

Abbas Daura: To da sauƙi, wannan ya fi kama da ruwa. Da jijiya ce, sautin zai gudu zuwa lafiyayyen kunnen. Amma gwajin gida ne, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina a yi maka gwajin ji. Ka gaya musu duk maganin da ka sha da allurar da aka yi maka, don jantamaisin da kwinin suna taɓa kunne. Kuma rarrabe magana cikin hayaniya aikin kunne biyu ne, shi ya sa a shago abin ya fi tsanani.

Hajiya Binta: Ɗana, ka ji maganar Abbas. Bayan korona a 2020 na wayi gari kunnen dama shiru, sai ƙugi kamar injin niƙa daga nesa. Na ce iskar hunturu ce, na yi wata biyu ina turare da tofi. Da yara suka kai ni Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, likita ya ce na makara. Yanzu na'urar ji nake sawa, a gidan biki kuma sai na zauna ta inda mai magana zai kasance hagu da ni.

Maman Khalifa: Subhanallahi. Na janye tafarnuwata, Malam kada ka ɗiga.

Mai tambaya: Na gode Mama, na gode Abbas. Gobe Litinin da sassafe zan je, yaro ya buɗe shago. Na kuma nuna wa uwargida saƙonnin nan, ta ce ta yafe na mako ukun, amma na da can fa?