Wace kalmar Hausa za mu ɗora wa "certification" a maganar masana'antun ƙetare?

Mai buɗe magana:

Assalamu alaikum. Ina rubuta ɗan jagora da Hausa domin 'yan kasuwarmu da ke bayar da odar kayan lantarki a masana'antun birnin Guangzhou na ƙasar Sin da kewayensa, kuma kalmar Ingilishi ɗaya ta tsayar da ni, wato certification. Abin da ake nufi da ita a nan shi ne aikin da wata hukuma, wadda ba ita ta ƙera kaya ba kuma ba ita za ta saye su ba, take yi na gwada samfurin kayan, wani lokaci har ta je ta ga inda ake ƙera su, sannan ta rubuta cewa sun dace da abin da ƙasar da za a kai su ta shar'anta. A Najeriya wannan shi ne tsarin SONCAP, wanda SON, hukumar kula da ƙa'idojin kayayyaki ta ƙasa, ta fara a 2005, inda kamfanoni irin su SGS da Intertek da Bureau Veritas da Cotecna suke duba kaya tun kafin a loda su a jirgi. A rediyo nakan ji ana cewa "tabbatar da inganci", a kasuwa kuwa "satifiket" kawai ake cewa, kuma babu wadda ta kwanta mini a cikinsu. Ina neman shawarar masana.

Wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina satifiket ta wadatar, domin ita ce kowa ya sani. Muna da takardu biyu: ta farko ita ce ta kayan, wadda sai da ita ake buɗe Form M, wato fam ɗin shigo da kaya, a banki, ta biyu kuma ita ce ta kowane lodi, wadda sai da ita kwastan za su saki kwantena. Duk satifiket muke kiransu, kuma ban taɓa ganin wanda ya rikice ba.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji:

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ni a nan ne nake ganin matsalar take. Satifiket sunan takarda ne, kuma idan mutum ya saba kiran aikin gaba ɗaya da sunan takardar da ke fitowa a ƙarshensa, zai ɗauka abu ne da ake saya a wurin ejan ana gobe za a yi lodi, alhali mafi yawan aikin a cikin masana'anta yake, tun watanni kafin nan. Mai binciken da aka turo ba ya tsayawa a ofishin manaja. Yakan shiga inda ake haɗa kayan, ya ɗauki na'urar da ake gwada ƙarfin wuta da ita, ya juya ta ya karanta takardar da aka manna a jikinta domin ya ga ranar da aka daidaita ta da ranar da wa'adin zai ƙare. Yakan nemi jerin muhimman sassan da aka rubuta a rahoton gwaji, kamar waya da fis da filogi, ya je sito ya ga ko su ɗin ne ake amfani da su, domin sananne ne cewa wasu masana'antu sukan aika samfuri mai wayar jan ƙarfe zalla zuwa gwaji, daga baya su koma wayar alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe. Sannan da hannunsa zai ɗauki samfuri daga kan layi, ya rufe shi da hatimi. Idan kayan Najeriya za su zo, dole su dace da wutarmu mai volt 230, filoginsu kuma ya zama mai haƙora uku irin na Ingila, kuma wannan magana ce da ake yi da injiniyan masana'anta tun ba a zuba roba a mazubi ba.

Ba mu kaɗai muke haka ba. Indiya tana da tsari na musamman domin masana'antun ƙasashen waje tun 2000, inda jami'in BIS, hukumar kula da ƙa'idojin kayayyaki ta ƙasar, yake zuwa masana'antar da kansa, kuma sai mai masana'antar ya naɗa wakili mazaunin Indiya da zai amsa tuhuma idan kaya suka saɓa, kafin a ba shi izinin buga alamar hukumar, wato ISI, a jikin kayansa. Ita ma Sin, tun da irin tata alamar, wato CCC, ta zama tilas a 2003, tana bin masana'antu da bincike bayan an ba su takarda. Saboda haka kalmar da za a zaɓa dole ta ɗauki aikin, ba takardar kaɗai ba.

Wani malamin Hausa daga Zariya:

Hajiya ta sauƙaƙa mana, domin bayaninta ya nuna abin da kalmar za ta ɗauka. Zan fara da "tabbatar da inganci", tunda ita ce ta fi yawo a bakin masu labarai. Inganci a kunnen Bahaushe yabo ne. Idan aka ce fanka tana da inganci, ana nufin za ta daɗe, ta fi 'yan'uwanta. Takardar da muke magana a kanta ba ta yi wannan alkawari ba. Abin da ta ce shi ne fankar ta kai iyakar da aka gindaya, ba za ta ja mutum ba kuma ba za ta tayar da gobara ba idan an yi amfani da ita yadda ya kamata, kuma fanka mai araha da mai tsada duk suna iya samunta. Idan muka sa mata inganci, mun yi wa mai saye alkawarin da hukuma ba ta yi ba. "Tantancewa" kuma ta riga ta tafi wajen 'yan takara da masu neman aiki, kuma tana nufin tace wasu daga cikin wasu, tana ƙarewa da zarar an gama zaɓe. "Rajista" shigar da suna ne a kundi, kamar lambar da NAFDAC take bai wa abinci da magani, "lasisi" kuwa izini ne, kuma dukansu biyun suna da gurbinsu a wannan harka, bai kamata a ƙwace musu ba.

Shawarata ita ce mu koma ga kalmar "shaida", yadda alƙalanmu suke amfani da ita. A gaban alƙali, mai da'awa ba ya zama shaidar kansa, wanda zai amfana da hukunci ma ba a karɓar shaidarsa, kuma ba a yin shaida sai a kan abin da aka gani. Waɗannan sharuɗɗa su ne ainihin abin da Hajiya ta bayyana: wani na uku ne, ba shi da riba a cinikin, kuma ya je ya gani da idonsa. Abin da yake shaidawa kuwa shi ne an cika ƙa'ida, wanda magana ce da kowa yake yi a gida da makaranta da kasuwa. Don haka na ce a kira aikin "shaidar cika ƙa'ida", takardar kuma "takardar shaidar cika ƙa'ida", ko satifiket ga wanda ya saba, kamar yadda Alhaji ya ce.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi:

Allah ya gafarta Malam, na gamsu da shaida, kuma za ta yi mana amfani a nan Nijar, inda kalmar Faransanci muke ji a bakin ma'aikata. Amma me ya sa ba a ce "ma'auni" maimakon "ƙa'ida" ba? Sannan alamar CE da muke gani a jikin kusan kowace caja, ita ma shaidar ce?

Malamin Hausa:

Alhaji, ma'auni ya dace da abin da ake aunawa, kamar kaurin waya ko zafin da roba za ta jure, amma cikin abin da ake nema akwai wanda ba awo ba ne, kamar rubuta sunan mai ƙera kaya da ƙasarsa a jikin kwali, ko ajiye bayanan gwaji. Ƙa'ida ta haɗa duka biyun, sai mu bar ma'auni a matsayin wani ɓangare na ƙa'ida.

Tambayarka ta biyu kuwa ita ce ta fi nuna amfanin kalmar. Ga yawancin ƙananan kayan lantarki, alamar CE ta Tarayyar Turai mai masana'anta ne yake buga ta da kansa, bayan ya sa hannu a takarda cewa kayansa sun bi dokokin Turai kuma ya ɗauki alhakin hakan. Sai a kayan da hatsarinsu ya fi yawa, kamar wasu na'urorin asibiti, ake tilasta shigar hukuma ta uku. Alamar da mai masana'anta ya buga da kansa ba shaida ba ce, "iƙirarin mai kaya" ne, kuma da muna kiran komai satifiket da ba mu iya raba su ba. Akwai ma mataki na sama, wato aikin duba su masu bayar da shaidar da ɗakunan gwajinsu domin a san sun cancanta, wanda a Ingilishi ake kira accreditation. Fiƙihu ya riga ya ba mu sunansa, wato tazkiyya, binciken da ake yi a kan adalcin shaidu kafin a karɓi maganarsu.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:

Malam, na yarda da shaida da iƙirari. Tazkiyya ce nake shakka a kanta, domin ba kowane mai karanta jagorar ne ya yi karatun zaure ba, kuma cikin abokan cinikinmu akwai waɗanda ba Musulmi ba da suke harka da Hausa kullum. Ina ganin a rubuta "tantance masu shaida", tunda a wannan gurbin tantancewa ta zauna daidai.

Mai buɗe magana:

Na gode muku duka. Na gwada kalmomin a jimlolin jagorar kuma sun zauna: "Kafin a nemi shaidar cika ƙa'ida, sai masana'anta ta shirya wa zuwan mai bincike, idan ya sami saɓa ƙa'ida, za a ba ta wa'adin gyara, idan kuma ta sauya wani muhimmin sashe na kayan ba ta sanar ba, ana iya janye shaidar." Wajen aikatau zan rubuta "an shaida kayan sun cika ƙa'ida", sunan babin kuma zai zama "Shirya masana'antar ƙetare domin samun shaidar cika ƙa'ida". A kan mataki na sama zan bi Hajiya in sa "tantance masu shaida", tare da ambaton tazkiyya sau ɗaya a wurin bayani, idan Malam bai ga aibi a haka ba.

Malamin Hausa:

Babu aibi. Sai dai ka kula kada tsawon kalmar ya sa ka riƙa taƙaita ta zuwa "shaidar inganci" a tsakiyar jagorar. Idan wuri ya ƙure, "shaidar ƙa'ida" ta fi aminci.