Takardun marigayi mai ba da umarni: daga ina za a fara?

Ɗan Sabon Gari, Gusau:
Assalamu alaikum. Iyalan wani dattijo da ya rasu, wanda ya daɗe yana ba da umarnin wasan kwaikwayo na talabijin da fim, sun sami akwatunan ƙarfe biyu cike da takardunsa: rubutun labarai, wasiƙu, yarjejeniyoyi, hotuna, kaset-kaset da gwangwanin fim guda uku. Gara ta fara taɓa ɗaya. Suna shirin ware komai kashi-kashi su yi laminatin. Masana, hakan daidai ne?

Malam Na-Argungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. Don Allah a dakatar da su, duka biyun ɓarna ne.

Kada a ware. Yadda marigayi ya jera takardunsa shi kansa shaida ne. Wasiƙa marar kwanan wata da ke kwance tsakanin rasit biyu na 1984, maƙwabtanta ne ke faɗin shekararta. Da zarar an cire ta an kai cikin "tulin wasiƙu", ta zama marainiya. A ɗauki hoton kowane akwati a buɗe kafin a taɓa shi, sannan a riƙa ɗaga ɗauri ɗaya-ɗaya daga sama, a ba shi lamba da fensir: akwati 1, ɗauri 1. Ba biro ba, tawada tana ratsa takarda. A littafi daban a rubuta lamba, abin da ke ciki, shekaru da yawan ganye.

A cire fil, kilif da roba, domin tsatsa tana cin takarda, roba kuwa narkewa take ta manne. A naɗe kowane ɗauri da farar takardar fotokwafi idan ba a sami fayil marar asid ba. Laminatin zafi ne da gam, kuma ba ya warwaruwa. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru sai ya bar tabo ruwan ƙasa. Abin da ya yage a bar shi a yage cikin naɗinsa. Takardun fakis kuwa a yi musu fotokwafi yau, rubutunsu ɓacewa yake yi.

Hajiya Mai Kundi:
Malam ya gama magana kan tsari. Ni kan gara zan tsaya. Kada a fesa fiya-fiya a kan takarda. A sa ɗaurin da abin ya shafa a leda biyu, a matse iska, a ɗaure, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har kwana 7. Sharaɗin shi ne wuta kada ta yanke, don haka sai mai sola. In an fitar, kada a kwance sai bayan awa 24, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan takardar.

Wurin ajiya: kanta mai tsayin aƙalla inci 6 daga ƙasa, nesa da bangon waje, ba ɗakin da kwano ke dafa shi ba. Zafin Afrilu yana sa takarda ta yi ƙanƙas, laimar Agusta tana kawo fumfuna, wadda ke tashi in danshi ya wuce kashi 65 cikin ɗari. A duba duk wata a damina.

Gwangwanayen nan a shinshina. In akwai warin tsami, fim ɗin ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran domin yana harbinsu. Kada a sa shi a majigi. Wannan aikin ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa ne da ke Jos. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya aka gano shi, aka gyara shi har aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Kaset mai farin gari a jiki shi ma kada a kunna.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. To wasiƙunsa na gida fa, da na bashi? Iyali ba sa son kowa ya gani.

Lauya Birnin Kebbi:
Suna da gaskiya, amma kada a ƙona. A ba su lamba kamar saura, a rufe a ambulan, a rubuta shekarun da za su yi a rufe. Haka manyan ma'ajiyoyi ke yi. A Amurka, ɗakin karatu na Lilly a Jami'ar Indiyana yana riƙe da takardun masu ba da umarnin fim John Ford da Orson Welles. Wasiƙu na da amfani ga masu bincike, don a nan ake ganin yadda aka samo kuɗi da inda aka saɓa.

Takardun nan gado ne, sai duk magada sun sa hannu kafin a miƙa su, ko ga Gidan Arewa a Kaduna ko wata jami'a. A fayyace a rubuce: kyauta ce ko ajiya, wa zai karanta, wa zai ba da izinin bugawa. Miƙa takarda ba miƙa haƙƙin mallaka ba ne. Na rubutu yana hannun magada har shekara 70 bayan rasuwa. Kafin akwati ya bar gida a yi sikanin komai, takarda a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoton sikanin), hoto a 600, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gari.