Abin da direbobi da makanikai suka ce kan gyaran birki a gida

A tattaunawar da wasu direbobi da makanikai suka yi a Kaduna, bakinsu ya zo ɗaya cewa mai mota zai iya canza takalmin birki da kansa, muddin bai dogara da jak kaɗai ba, domin jak kan zame. Sai a tokare motar da ƙarfe mai ƙwari a kan daɓe, a kuma sa dutse a bayan taya. Sun ce idan kaurin takalmin ya ragu zuwa milimita 3, ko ya fara ƙara, a canza na hagu da dama tare.

Man birki ne ya fi ɗaukar lokacinsu, kuma a ganina ya cancanta. Yana shan danshi, don haka a sabunta shi duk shekara 2, da irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4. Idan feda ta yi laushi, to iska ta shiga bututu ko mai yana yoyo, wannan kuwa aikin makaniki ne.

Wani dattijo daga kasuwar Panteka da ke Kaduna ya jaddada cewa bayan an gama canza takalmin, a tattaka fedar birki har ta yi tauri kafin a hau titi.