MC-101 ko MC-707: shawarar masu haɗa kiɗa

Wasu masu haɗa kiɗa sun yi muhawara kan wadda ta fi dacewa a saya cikin na'urorin haɗa kiɗa biyu na kamfanin Roland, MC-101 da yayarta MC-707, waɗanda suka fito a 2019. Injin sautinsu ɗaya ne, don haka ba a ja kan daɗin sauti ba.

Ƙaramar, MC-101, na da layin kiɗa 4 (wato sassan kiɗa da take kunnawa tare), batir 4 ya ishe ta, ga ta ta shige jaka. Ita aka nuna wa mai yawan tafiya. Sai dai allonta ɗan mitsitsi ne, kafin ka gyara sauti ɗaya ka sha latse-latse, kuma nan ƙorafi ya fi yawa. Babbar na da layi 8, kowanne da maɓallansa a gabanka. Mai kiɗa gaban jama'a dai, aka ce ya daure ya tara kuɗin babbar. Ni ma can na karkata.